Lasifikar Hagu

A gidanmu akwai ɗakin da ba a shiga da takalmi, kuma ba masallaci ba ne. Ɗakin sauraren maigidana ne, Baban Samiha, wanda garinmu Malanville ya sani da Latifu mai injin shinkafa. Tun yana saurayi yana dako a Kwatano ciwon na'urorin kiɗa ya kama shi, har yau kuwa ban ga mai maganinsa ba. Mazan wasu shayi suke sha a bakin titi, na wasu ƙwallo suke kallo. Ni nawa rabon shi ne mijin da zai wuni cikin rugugin inji, ya dawo ya yi wanka, ya zauna kan kujera guda a tsakiyar ɗaki ya lumshe ido kamar wanda ake yi wa aski.

Ni da na taso a ƙauyen Garou da rediyo mai batir, a ganina akwati ɗaya ya isa ya yi waƙa. Shi nasa uku ne, wani kan wani, ban da lasifika biyu da suka kai mini ƙugu. Na sama shi ne mai haɗiye faifan sidi ya juya shi. Shi da abokansa suna ce masa taranspor, kuma wai ba ya waƙa, karatu kaɗai yake yi: ya kwaso lambobin da ke cikin faifan ya tura su ta waya. Na tsakiya suna ce masa dak, shi ne mai karɓar lambobin ya mai da su sauti. Na ƙasa ampili ne, ƙarfi kawai yake ƙarawa. Ranar da ya ga na kasa ganewa, ya ce in ɗauka a kasuwa ne baƙo ya zo da yaren da ba wanda ke ji, dole sai an nemo tafinta. Tun daga ranar nake kiransu mai karatu da tafinta, har shi ma bakinsa ya kama.

Ranar Lahadi bayan la'asar abokansa biyu suke zuwa: Malam Alasan, tsohon ma'aikacin duwan, wato kwastan, da ya ajiye aiki, da Abdurazak, mutumin Gaya ta ƙetaren kogi mai fataucin albasa, wanda ko rufe gadar kan iyaka bai hana shi ƙetarowa a kwalekwale ba. Gardamarsu ɗaya ce, kuma ba ta tsufa. Malam Alasan ya ce daɗin sauti duk a hannun tafinta yake, mai karatu kuwa ko wanne ka sa, lamba lamba ce. Abdurazak ya ce ina, in mai karatu yana in'ina, yana sauri nan yana jan ƙafa can, to tafinta komai gwanintarsa sai ya yi tuntuɓe. In sun gaji sai su juya ga maigidana ya raba, don dukansu sun yarda kunnensa ya fi nasu. Daga Guéné, kai har daga Kandi, mutum zai ɗauro na'urarsa a bayan moto, wato babur, don kawai a saurara a ce masa ta yi ko ba ta yi ba. Ni dai in kai musu fura in fita, in je madafi in yi dariyata.

Suna da wata ƙa'ida da a da nake ɗauka ladabi ce. A ɗakin mutum, mai ɗaki ne ke fara faɗin abin da ya ji, baƙo sai dai ya ɗora a kai. An ce da can wani ya taɓa kushe na'urar wani a gaban iyalinsa, gaisuwa ta yanke tsakaninsu har ɗayan ya bar duniya. Tun daga nan ba a ƙaryata kunnen mai gida.

Wata safiya a lokacin girbin shinkafa ya tashi yana cusa yatsa a kunnen hagu yana kaɗa kai. Ya ce ruwan wanka ne ya shiga, kuma wani abu na yi masa ƙugi a ciki. Na ba shi gashin kaza ya yi susa, ya hau moto ya tafi inji. Wallahi ko a jikina.

Da yamma ya sa faifan da ya fi so, na goge da ƙwarya. A faifan nan mai goge yana dama, mai ƙwarya yana hagu, zobban yatsunsa na ƙas-ƙas a kan ƙwaryar. Ban gama tankaɗe ba sai na ji kiɗan ya yanke. Ya kira ni ya ce mai ƙwarya ya dusashe, kamar an lulluɓa masa bargo. Na tsaya a bakin ƙofa ya sake kunnawa. Ni dai ga mai ƙwarya nan a hagu yana ta abinsa tar. Da na faɗa masa, ya ce daga bakin ƙofa ai komai ɗaya ne, kuma kunnen da ya girma da rediyon Garou ba zai gane ba. Na koma kan tukunyata.

Yana da hanyar kama mai laifi a cikin kayan nan, ya sha nuna mini ina hamma. Sai ka riƙa musanya abu ɗaya bayan ɗaya, na hagu ya koma dama, na dama ya koma hagu. Duk abin da ka juya laifin ya bi shi, to ka kama shi. Ya ciccibi lasifikun nan masu nauyin buhun gero ya musanya musu wuri, laifi yana hagu. Ya aro ampilin Malam Alasan, laifi yana hagu. Wayoyin da ke fitowa daga tafinta biyu ne, ja da fara. Ina shara na ga ya musanya su, ya saurara, ya daɗe, ya mai da su yadda suke, da alama laifi bai bar hagu ba. Washegari ya ce ya gano, tafinta ne ya lalace.

Da Lahadi ta zo ya kunna wa abokansa, ya fara magana kamar yadda aka saba, ya ce su ji yadda hagu ta mutu. Malam Alasan ya karkata kai ya ce lalle akwai ɗan wani abu. Abdurazak ya ɗora da cewa ba mamaki, yadda kuran ɗin garin nan ke ɗaukewa yana dawowa, wane tafinta ne zai yi rai. Suka wuni suna zagin wutar lantarki. Maigidana ya kwana da farin ciki kamar an yi masa albishir.

Ni kuwa na fara ganin abubuwa. Wayar hannu da ya saba karawa a hagu ta koma dama. In na yi masa magana ina gefen randa sai ya amsa, in ina gefen ƙofa sai na maimaita. In an yi sallama a waje sai ya juya wajen da ba nan aka yi ba. Kowane ɗaya cikin waɗannan ba komai ba ne, amma da suka taru sai na kasa kawar da kai. Ina da kawu a Garou, masunci, da kunnuwansa suka toshe yana da sauran ƙarfinsa. Na ga yadda ake zama a gabansa ana maganarsa, ana yanke masa shawara, shi yana bin bakin mutane da kallo yana murmushi. Da na tuna murmushin nan na ɗora shi a fuskar Baban Samiha, sai in bar abin da nake yi in zauna. Tsoro nake ji, kuma ban san ta inda zan ɓullo masa ba.

Ranar kasuwa ya goyo ni a moto za mu biya ta inji. Muna kan kwalta, ga wata kamyo, babbar motar kaya, shaƙe da albasa ta taso a bayanmu, za ta wuce mu ta hagu. Direban ya danna ham tun daga nesa, ya sake dannawa, har cikin haƙorana nake jinsa. Shi kuwa sai na ga ya kwantar da kan moto zai karya hagu ya shiga hanyar inji, hankalinsa kwance. Ban san lokacin da na cakumi rigarsa na fizgo shi dama ba. Muka zube a gefen titi, moto a kan ƙafata. Tayoyin nan suka wuce ta kusa da kaina, ina jin zafinsu, kwanon da na riƙo kuwa suka mai da shi faifai.

Mutane suka taru ana salati. Shi ya miƙe, gwiwarsa na jini, yana ɗaga hannu yana faɗa wai direbobin yanzu ba su da tarbiyya, mutum zai wuce ka ko ham ba zai yi ba. Masu sayar da mai a kwalba da 'yan kabu-kabu suka dubi juna. Ba wanda ya tanka. Wannan shirun ya fi tayoyin ba ni tsoro.

A gida ina wanke masa gwiwa da ruwan gishiri na ce masa motar nan ta yi ham, kowa ya ji. Na roƙe shi mu je a duba kunnen. Na ce ya ji maganata, ai an ce in kunne ya ji jiki ya tsira. Sai da ta fita na gane abin da na faɗa, na so in haɗiye harshena.

Ya janye ƙafarsa. Ya ce, "Habsatou, Alasan ya ji abin da na ji. Abdurazak ya ji. Mu ukku duk kurame na? Ke ɗai ta mai kunne cikin garin ga?"

Na ɗauke kwanon ruwan gishirin. Maza biyu masu hankali sun shaida, ni wace ce.

Abdurazak ya ɗauko nasa tafintan daga Gaya, ya naɗe shi cikin leda da bargo, ya rungume shi a kwalekwale kamar jariri har ya ƙetaro. Aka haɗa, aka kunna, laifi yana hagu. A nan ne maigidana ya ce to ashe mai karatu ne. Ina jin haka na ajiye kwanon fura na fita. Shi da bakinsa ya koya mini cewa mai karatu bai san hagu da dama ba, waya ɗaya tak ke fita daga jikinsa, tafinta ne ke rabawa. Ko dai ya yi karatu duka su fito, ko ya ƙi duka su yi shiru. Mutumin da ya san wannan ya ɗora wa mai karatu laifin gefe guda, to ba na'ura yake bincike ba, wurin ɓuya yake nema. Ashe shi ma tsoron yake ji, ya ma riga ni.

An ce tsoro na daji, kunya na gida. Ni duka biyun a gida suka same ni, sai na ajiye kunyar. Na yafa mayafi na tafi gidan Malam Alasan kamar zan gai da matarsa Hawa. Bayan mun gaisa na ce ina son magana da shi. Ya fito tsakar gida ya zauna kan tabarma, na durƙusa daga nesa.

Na ce, "Malam, don girman Allah ka hwaɗa min gaskiya. Lasifikar hagun nan, mi kaka ji?"

Yana jan carbi ya ce, "Uwar Samiha, ni ban ji komi ba. Lahiyatta lau a kunnena."

"To don mi kac ce ka ji?"

Ya ce shi ya ɗauka nasa kunnen ne ya tsufa. In Latifu ya ce akwai abu, to akwai, su ne dai ba su kai su ji ba, kuma wa zai so a ce shi kaɗai ne bai ji ba. Ya ce sai kwanan nan suka yi maganar da Abdurazak a waya, suka tarar kowa kunyar ɗan'uwansa yake ji. Na tambaye shi to me suke jira. Ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ƙaƙa za a shiga ɗakin mutum a ce masa kunnensa ne. Zuciyata ta tafasa. Na ba shi labarin kamyon albasa, na nuna masa ƙafata da har lokacin take kumbure. Na ce karar tasu ta kusa mai da ni mai takaba. Ya yi salati, idonsa ya ciko, amma duk da haka ya ce shi bakinsa ba zai iya ba. Manyan maza ke nan, masu raba gardamar tafinta da mai karatu.

Lahadin da ta biyo an aro wani mai karatun daga Kandi. Na shiga da fura, na ajiye, ban fita ba. Maigidana ya ɗaga ido ya dube ni, na yi kamar ban gani ba. Ya kunna faifan goge da ƙwarya, ya lumshe ido, can ya kashe. Ya ce har yanzu. Malam Alasan ya ƙura wa tabarma ido, Abdurazak ya kama gyaran hula.

Na ce, "Baban Samiha, kai ka koya min, abin da anka juya laihi ya bi shi, shi na mai laihi. Ka juya lasifika, ka juya waya, ka sake ampili, ka sake tahinta, ga mai karatu ka sake. Saura abu guda cikin ɗakin ga da ba a juya ba." Na dafa bayan kujerarsa. "Tashi in juya ta."

Na ɗauka zai kore ni. A gaban baƙi ban taɓa yi masa haka ba. Ya dube ni, ya dubi abokansa, ba wanda ya ɗago ya taimake shi. Ya miƙe a hankali. Na juya kujerar ta ba wa lasifikun baya, ya zauna yana fuskantar ƙofa, hannuwansa kan gwiwa. Yanzu lasifikar hagu tana wajen kunnensa na dama. Malam Alasan ne ya miƙa yatsa ya kunna.

Zobban mai ƙwarya suka fara ƙas-ƙas. Na ga fuskarsa ta washe, har yatsunsa sun fara bin kiɗan a kan gwiwa, kamar wanda ɗan'uwansa ya dawo daga tafiya. Bai daɗe ba yatsun suka tsaya. Ya ɗan karkata kai yana neman wani abu a ɗaya gefen, ya sake karkatawa.

Ya ce, "Ga mai ƙwarya nan." "Yanzu mai goge na babu."

Goge kuwa yana ta kuka ya cika ɗakin, mu uku muna ji. Ba wanda ya tuna ya kashe. Can ya tambayi abokansa, bai ko juyo ba, ko tun farko suna jin duka biyun. Malam Alasan ya roƙe shi ya yafe musu. Ya sa tafin hannu ya rufe kunnen dama, ya zauna haka, ina kallon gumi na tsatsafo masa a wuya. Da ya sauke hannun sai ya ce in nemo masa rigar da zai sa gobe.

A asibitin garinmu aka haska kunnen aka ce ba datti, ba ruwa, ba ƙurji, mu wuce babban asibitin Parakou. Hanyar nan mai tsawo ko ruwa bai sha ba. Likitar kunne mace ce, mai sanyin magana. Ta sa shi cikin wani ɗan ɗaki mai tagar gilashi, ta ɗora masa abin saurare a ka, ta ce duk lokacin da ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Ni ina waje ina kallo. Da tana gwada dama hannunsa na tashi tun kafin in ga ta taɓa komai, har ta yi murmushi. Da ta koma hagu sai na ga tana murɗa abin, tana ƙara murɗawa, tana dubansa, shi kuma ya lumshe ido ya tattara hankalinsa duka irin yadda yake yi a ɗakinsa, yana jira a fara. Hannunsa na kan gwiwa. Na juya baya don kar ya buɗe ido ya ga fuskata.

Ta tambaye mu yaushe abin ya fara. Na ce tun girbin shinkafa. Ta ajiye alƙalami. Ta ce irin wannan ciwon da ke ɗauke kunne farat ɗaya, in an zo cikin kwanakin farko akwai maganin da sau da yawa yakan dawo da wani abu. Yanzu za ta rubuta, amma kar mu sa rai. Ta ce abin da ya rage shi ne a tattali na dama, kar ya sake tsayawa kusa da inji kunnensa a buɗe. Ta so ta san me ya tsai da mu haka. Ni ce na ce mata gyaran wata na'ura muka tsaya yi.

A motar dawowa na bar masa bakin taga, na zauna a gefensa, ban lura hagunsa ba ne sai da muka kama hanya. Ya jingina kai da gilashi. Na so in ce masa wani abu, na rasa. Tun da aka kai ni gidansa ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba, ko cikin wasa, ko cikin faɗa. Na san in da zai ji, wannan kam sai ya juyo, ko don mamaki. Na matsa kusa da kunnen na ce, "Latifu."

Na jira. Na sake faɗa da ɗan ƙarfi. Matar da ke kujerar gabanmu ta waiwayo ta dube ni. Shi yana kallon gonakin auduga ta taga.